Ɓaraguzan Tagwayen Benaye da Zargin Maƙarƙashiya

Masu cewa gwamnatin Amurka ce ta kitsa rushewar tagwayen benayen New York ranar 11 ga Satumba, 2001, sukan kafa hujja da ɓaraguzai. Sukan tambaya: ina bene mai hawa 110 ya shige, har tarin da ya bari bai taka kara ya karya ba? Ai galibin cikin bene sarari ne, kuma akwai hawa shida a ƙarƙashin ƙasa da suka haɗiye kaso mai yawa. Duk da haka, sai da aka kwashe kimanin tan miliyan 1.8 kafin a gama aikin a Mayun 2002.

Hujjarsu ta ƙarfe, wato cewa man jiragen da suka bugi benayen ba zai iya narkar da ƙarfe ba, ta fi shiga kunne. Gaskiya ne man jirgi ba ya narkar da ƙarfe, domin narkewa na buƙatar zafin digiri kusan 1,500. Amma bene ba ya jiran ƙarfe ya narke kafin ya faɗi. A digiri 600 ƙarfe yakan rasa wajen rabin ƙarfinsa, abin da kowane maƙeri ya sani. Rahoton 2005 na NIST, hukumar gwamnatin Amurka da ta binciki rushewar, ya nuna cewa dukan jirgi ya karkaɗe rufin da ke kare ƙarafa daga wuta, daɓen benaye ya lotsa, ya janyo ginshiƙan waje ciki har suka karye. Su kuwa jajayen ɓarɓashin cikin ƙurar benayen da Niels Harrit da abokansa suka ce sinadarin ƙona ƙarfe ne a 2009, binciken James Millette na 2012 ya same su fenti ne.

Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Hukumomi sun yi gaggawar sayar da ƙarafan ga 'yan gwangwan, aka yi jigilarsu zuwa Sin da Indiya, NIST ta tashi da guda 236 kacal. A ganina wannan sakaci ne babba, amma sakaci daban, maƙarƙashiya daban.

Abin mamaki shi ne masu zargin ba su cika damuwa da illar ƙurar ga lafiya ba. Ranar 18 ga Satumba, 2001, Christine Todd Whitman, shugabar hukumar kare muhalli ta Amurka a lokacin, ta ce iskar unguwar da benayen suka rushe ba ta da illa. A 2003 babban mai binciken hukumar ya bayyana cewa babu isassun bayanai a lokacin, kuma fadar White House ta sa an sassauta gargaɗin. Masu aikin ceto da suka shaƙi ƙurar ba su samu dokar kula da lafiyarsu ba sai a Janairun 2011.