Gurbin Kalma da Ma'anar Kaɗaita a Turanci

Idan Bahaushe ya ce "ni kaɗai", yana iya nufin babu kowa tare da shi, ko babu wanda ya taya shi, ko kuma babu wani sai shi. Turanci ya rarraba waɗannan ma'anoni, kuma a ganina yawancin rabon yana ga gurbin da aka ajiye kalma a jimla, abin da ƙamus ba ya cika koyarwa.

Kalmar "alone" ta samu ne daga haɗuwar "all" da "one" wajen ƙarni na 13. Tana tafiya da sifofi irin su "asleep" da "afraid", waɗanda ba sa zuwa kafin suna. Ana cewa "she was alone in the house", amma "an alone woman" ba ya shiga kunnen mai harshen. A nan sai "lone" ko "solitary". Abin da ya fi jan hankali shi ne yadda matsar da ita taki ɗaya ke juya zance. "I went alone" na nufin na tafi ba ɗan rakiya. "I alone went" kuwa cewa yake cikin duk waɗanda ake sa ran zuwansu ni ne kawai na je, kuma salo ne na rubutu. A hira "I was the only one who went" aka fi ji.

Sai "by myself", wanda ɗalibanmu kan rikita da "myself" saboda a Hausa duka biyun ana iya fassara su da "da kaina". "I cooked it myself" jaddadawa ce cewa ni na dafa, ban sa wani ba. Da an ƙara "by", magana ta koma rashin mataimaki ko abokin zama. "On my own" yana yin wannan aikin, ya fi yawa a bakin mutanen Birtaniya, kuma yakan ɗauki ma'anar tsayawa da ƙafafun kai, kamar saurayin da ya bar gidan iyaye. Gauraya su a ce "by my own" kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai.

"Lonely" ce ta fi damuna. Ta bayyana a ƙarshen ƙarni na 16, kuma a yau halin zuciya take bayyanawa idan an sifanta mutum da ita. Ɗalibin da ya rubuta "I was lonely in the library", yana nufin ya samu sararin karatu, ya faɗa wa mai duba takardarsa cewa kewa ce ta dame shi. Abin da yake nema shi ne "I had the library to myself".