Dawo da Dangin Gauta da Sauran Abinci Bayan Ƙauracewa

Dawo da abinci bayan ƙauracewa shi ne mataki na biyu a tsarin da likitoci da masana abinci ke bi don gano abin da jikin mutum ba ya ɗauka. A matakin farko, majinyaci yana barin abincin da ake zargi na tsawon mako 2 zuwa 6. Idan kumburin ciki, gudawa, ƙwannafi ko ƙaiƙayi suka lafa, sai a riƙa mayar masa da abincin ɗaya bayan ɗaya. Likitan Amurka Albert Rowe ne ya yaɗa wannan hanya tun shekarun 1920. Daga baya Jami'ar Monash ta Ostireliya ta gina tsarinta na FODMAP a kan wannan tushe, domin masu yawan murɗawar ciki da kumburi.

Dangin gauta

Dangin tsirran da masana ke kira Solanaceae sun haɗa da gauta, yalo, tumatir, tattasai, attaruhu, barkono da dankalin turawa. Dankalin Hausa da masoro ba sa cikinsu. Waɗannan tsirrai na ɗauke da sinadaran kare kai: solanin a dankalin turawa, musamman wanda ya yi kore ko ya tsiro, tomatin a ɗanyen tumatir, da kafsaisin mai sa yaji a barkono. Wasu masu ciwon gaɓoɓi ko ciwon hanji sukan ce suna samun sauƙi idan sun bar su, amma bincike bai tabbatar da cewa suna ƙara kumburin gaɓoɓi ga yawancin mutane ba. Shi ya sa gwaji a jikin mutum ɗaya ya fi dogaro da zato.

Yadda ake dawo da su

Ƙa'ida ita ce abinci ɗaya a lokaci ɗaya. Ana fara cin ɗan kaɗan a rana ta farko, a ƙara a ta biyu, a ci daidai yadda aka saba a ta uku. Sannan a dakata kwana biyu ko uku, domin wasu alamun ba sa fitowa nan take. Ana rubuta abin da aka ci, da yawansa, da abin da jiki ya nuna. Idan alamu suka dawo, a ajiye abincin, a jira jiki ya daidaita kafin a gwada na gaba.

A dangin gauta, ana iya farawa da dafaffen dankalin turawa da aka fere, sai dafaffen tumatir, sai tattasai, a bar attaruhu da barkono a ƙarshe. A girkin Hausawa gwajin yana da wuya, domin jar miya takan haɗa tumatir da tattasai da attaruhu a tukunya ɗaya, yajin tsire kuma ya haɗa barkono da ƙuli-ƙuli. Miyar kuka ko ta kuɓewa da aka yi ba kayan miya tana ba da damar saka su ɗaya-ɗaya.

Iyaka da kiyayewa

Wanda ya taɓa samun borin jini mai tsanani, kumburin leɓe ko maƙogwaro, ko sarƙewar numfashi bayan cin wani abinci, kada ya gwada shi a gida. A asibiti ake yin wannan gwaji, inda akwai allurar adirenalin. Mai cutar siliyak kuwa ba a mayar masa da alkama har abada. Yara, masu juna biyu da masu shayarwa suna buƙatar kulawar likita tun daga matakin farko.

Manufar tsarin ita ce mutum ya koma cin abinci iri-iri gwargwadon abin da jikinsa ke ɗauka. Tumatir da tattasai na ba da bitamin C, dankalin turawa na ba da fotasiyam, don haka daɗewa ana ƙaurace musu ba tare da dalili ba asara ce ga lafiya.