Antigoni da Ismini: 'Yan'uwa Biyu a Gaban Sarki

Ina so in ja hankalinku zuwa ga wani wasan kwaikwayo mai suna Antigoni, wanda aka fara nunawa a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara ta 441 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Marubucinsa, Sofokilis, ya san mulki ciki da bai, domin ya riƙe muƙamin ma'aji na ƙawancen biranen da Atina ke jagoranta, daga baya kuma aka zaɓe shi cikin janarori goma tare da Ferikilis.

Labarin ya faru ne a birnin Tibis. 'Ya'yan Sarki Odifas maza biyu sun kashe juna wajen neman sarauta, sai kawunsu Kiriyon ya hau gado. Ya sa aka binne Etiyokilis da girmamawa, shi kuwa Folinikis da ya kawo wa garin yaƙi, aka ce a bar gawarsa ga karnuka da tsuntsaye, wanda duk ya binne ta a kashe shi. Atinawa sun san dokar hana binne maci amanar ƙasa a cikin ƙasarsu, amma a wasan, boka Tiresiyas ya nuna wa sarki cewa ya wuce gona da iri.

Mamacin yana da 'yan'uwa mata biyu. Antigoni ta ce sai ta binne shi. Ismini ta ƙi, ta ce su mata ne, ba su da ƙarfin ja da mai mulki. Da aka kama Antigoni, sai nadama ta kama Ismini, ta fito gaban sarki ta ɗora wa kanta laifin da ba ta aikata ba, don su mutu tare. Antigoni ta ƙi yarda, tun da ba ta sa hannu ba lokacin da ake bukatar hannun. Aka rufe Antigoni da rai a cikin kogo, ta rataye kanta. Haimon ɗan sarki, wanda zai aure ta, ya kashe kansa, uwarsa ma ta bi shi.

Ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati, Ismini ce ta fi tsaya mini a rai. Ba muguwa ba ce, tana ƙaunar 'yar'uwarta, amma ta bar jaki tana dukan taiki: tsoro ya rufe mata baki ranar da magana ke da amfani. Umurnin zalunci ba ya tafiya da ƙafarsa, sai an sami masu sa hannu da masu yin shiru.

Ba mamaki da fursunonin tsibirin Robin a Afirka ta Kudu suka shirya wannan wasa, Nelson Mandela ya fito a matsayin Kiriyon. Mu da muke riƙe da fayil da biro a ofisoshi, ya kamata mu faɗi gaskiya tun kafin a zartar da hukunci. Allah ya ba mu iko.