Furobayotik da Borin Jini: Me Sunayen Suke Nufi?

A shekarar 1906 wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, ya lura cewa marasa lafiyar da aka yi wa allurar ruwan jinin doki, in an sake yi musu karo na biyu, jikinsu kan tayar da ƙayar baya da sauri fiye da na farko. Sai ya ɗauko kalmomin Girkanci biyu, allos, wato "na daban", da ergon, wato "aiki", ya haɗa sunan da muke ji yau a bakin likitoci, alaji. Ma'anarsa jiki ya yi aiki saɓanin yadda aka saba.

Bahaushe kuwa borin jini ya ce, kuma sunan ya dace da abin da ido ke gani. Yaro ya ci gyaɗa ko ƙwai, kafin a jima fatarsa ta yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, yana ta susa. Garkuwar jiki ce ta ɗauki abu marar cutarwa a matsayin abokin gaba, ta saki sinadarin histamin. Sai dai sunan na da faɗi. Likita na raba ciwon gida-gida: ƙaiƙayin fata na jarirai da ake kira ezima, atishawa da toshewar hanci, asma, da alajin abinci. Akwai kuma "bai karɓe ni ba", wadda ta fi faɗi, don har mai kumburin ciki bayan shan madara ita yake faɗa, alhali shi sau da yawa sinadarin narkar da sukarin madara ne ya yi masa ƙaranci, garkuwarsa lafiya lau.

Furobayotik kuma daga pro na Latin da bios na Girkanci aka samo shi, ma'ana "domin rayuwa", kishiyar antibayotik. Tunanin ya girmi sunan. Tun 1907 Élie Metchnikoff na Cibiyar Pasteur da ke Faris ya danganta tsawon ran manoman Bulgeriya da nono mai tsami da suke sha. A 2001 ƙwararrun Hukumar Abinci da Aikin Gona da na Hukumar Lafiya ta Duniya suka tsayar da ma'anarsa: ƙananan halittu masu rai waɗanda, in an sha su daidai gwargwado, suke amfanar lafiya. Nan Hausa ke fuskantar cikas, don duk abin da ido ba ya gani mun saba kiransa ƙwayar cuta, har a ji ana cewa "ƙwayoyin cuta masu amfani". Ƙananan halittu masu amfani ya fi dacewa. Su ne ke aiki sa'ad da Bafulatana ta zuba ɗan tsohon nono cikin dafaffiyar madara, gari ya waye ta zama kindirmo.

Kowace irin halitta na da cikakken sunanta. Wadda ta fi shahara a binciken alaji ita ce Lactobacillus rhamnosus GG. Haruffa biyun ƙarshe farkon sunayen ƙarshe na masanan Amurka biyu ne da suka ware ta, Sherwood Gorbach da Barry Goldin. A 2001 masu bincike a Turku ta ƙasar Finlan suka bayyana cewa sun ba da ita ga mata masu juna biyu daga iyalai masu tarihin alaji, sannan bayan haihuwa na wata 6. Da yaran suka kai shekara 2, kashi 23 cikin 100 ne suka kamu da ezima, a rukunin da ba a ba su ita ba kuwa kashi 46. Bincike-binciken da suka biyo baya wasu sun ga irin wannan amfani, wasu ba su gani ba. A 2015 Ƙungiyar Alaji ta Duniya ta ba da shawara mai sharaɗi cewa ana iya amfani da furobayotik don rage haɗarin ezima a irin waɗannan iyalai, tare da faɗin cewa hujjar na da rauni ƙwarai. A kan asma da alajin abinci ba a sami tabbacin kariya ba.

Shi ya sa jimlar "furobayotik na maganin borin jini" take damuna. Sunaye biyu masu faɗi aka haɗa, suka haifar da alkawarin da bincike bai yi ba. Kindirmo abinci ne mai kyau, amma ga jaririn da ke da alajin madarar shanu haɗari ne, kuma yaron da numfashinsa ya fara sarƙewa bayan cin wani abu, asibiti za a garzaya da shi nan take. Duk uwar da aka miƙa wa kwalba, hakkinta ne ta tambayi cikakken sunan halittar da ke ciki, da sunan ainihin ciwon da aka gwada ta a kansa.