Sukar Fim a Kano: Daga Silimar Palace Zuwa Finafinai Masu Dogon Zango

Sukar fim a Kano ta girmi masana'antar Kannywood da shekaru masu yawa, kuma tun farkonta tambayar da ta fi rinjaye ita ce ko fim ya halatta. Batun kyawun aiki yakan biyo baya.

Gidajen silima na farko, irin su Rex da aka buɗe a 1937, an gina su ne a wajen ganuwa, a ɓangaren Sabon Gari, nesa da idon malaman cikin birni. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a silimar El-Duniya ta halaka mutum 331, jama'a da dama kuwa suka fassara ta a matsayin azaba. A wannan yanayi ne aka buɗe silimar Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, wadda ita ce ta farko a cikin badala. Malamai sun yi tir da ita, matasa sun jefi masu shiga, kuma daga baya ginin ya koma asibiti.

Duk da haka kallo bai tsaya ba. Finafinan Indiya, da na Sin masu karate, da na harbe-harben Amurka sun cika majigi da bidiyo, har sunayen Bruce Lee da Rambo suka zama laƙabin samarin unguwa, kalmar "bos" kuma ta zauna a bakin yara da ma'anar mugun cikin fim. Zargin da ake yi wa irin waɗannan finafinai bai sauya ba: wai suna koya wa matasa daba. A yau zargin ya koma kan finafinan faɗa na kudancin Indiya da kamfanoni irin su Algaita ke juyawa zuwa Hausa, waɗanda 'yan Kannywood ke ƙara kuka da su saboda sun cinye musu kasuwa. Jaruman Marvel masu tashi sama ba su cika shiga huɗuba ba. Da alama abin da ba a ji shi da harshen gida ba, ba a ɗauke shi barazana.

Fim ɗin Hausa na kasuwa ya soma da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Da Sangaya da Wasila suka yi tashe, rawa da waƙa irin na Indiya suka zama abin cece-kuce. Mujallu kamar Tauraruwa da Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, sun buɗe fagen sharhi, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu kuma suka nazarci yadda ake aro daga Indiya. Sai dai sukar da ke da haƙori ita ce ta gwamnati. Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001.

Zamanin da hukumar ta fi zafi shi ne na Abubakar Rabo Abdulkarim, ƙarƙashin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. An ɗaure Adam A. Zango a 2007 saboda kundin waƙoƙinsa Bahaushiya. A ƙarshen 2008 aka yanke wa Hamisu Lamido Iyan-Tama hukuncin ɗauri kan fim ɗinsa Tsintsiya. Iyan-Tama ya taɓa neman kujerar gwamna, ya kuma sha sukar hukumar a fili, shi ya sa mutane da yawa suka ga siyasa a cikin shari'ar. Darasin ya sake fitowa a 2016, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya finafinai a Kofa, Ƙaramar Hukumar Bebeji, bayan wasu malamai sun yi masa rubdugu.

Kafuwar tashar Arewa24 a 2014 da bunƙasar YouTube sun juya akalar masana'antar zuwa shirye-shirye masu dogon zango. Daɗin Kowa ya shiga gidaje da labarin zaman talakawa. Kwana Casa'in, wanda aka gina a kan ƙagaggen gari mai suna Alfawa, ya taɓo maguɗin zaɓe da 'yan jagaliya da ruɓewar asibitocin gwamnati, abin da fim ɗin soyayya ya daɗe yana kauce wa. Labarina na Aminu Saira da Izzar So sun tara masu kallo a intanet, tare da ƙorafin da ya dace da su: jan labari ba gaira ba dalili, tallace-tallace a tsakiyar wasa, da sauya jarumai ba bayani. Wannan suka ce ta sana'a, kuma a Facebook da TikTok aka fi yin ta, ba a ofishin hukuma ba.

Hukumar kuwa tana nan kan bakanta. A Satumba 2021, ƙarƙashin Isma'il Na'abba Afakallah, ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim, alhali waɗannan na cikin abin da mazauna Kano ke kwana da fargabarsa. A Mayu 2025, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, wanda shi kansa jarumin fim ne, ta dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa zargin sakin su ba tare da an kai su tacewa ba.