Tarihin faifai mai tashi: daga mujallun araha zuwa sararin Amurka

Faifai mai tashi shi ne sunan da jaridun Amurka suka laƙaba wa wasu abubuwa masu siffar da'ira waɗanda mutane ke cewa sun gani suna keta sararin sama da gudun da ya fi ƙarfin kowane jirgi. Sunan ya fito ne a ƙarshen watan Yuni na 1947, amma siffar ta riga shi da kusan shekara ashirin. Kafin wani ya ɗaga kai ya ce ya ga faifai a sama, masu zane sun riga sun zana shi a bangon mujallun ƙagaggun labaran kimiyya, yara da ma'aikatan masana'antu kuma sun riga sun saye su sun karanta. Saboda haka ba a iya ba da tarihin faifan ba tare da an ba da tarihin waɗannan mujallu ba.

A 1896 ne Frank Munsey, wani mawallafi a New York, ya mayar da mujallarsa Argosy ta ƙagaggun labarai zalla, ya kuma riƙa buga ta a kan takarda mafi araha, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace. Takardar na da kaushi, gefenta ba a yanke shi daidai ba, kuma ba ta daɗewa take yin ɗorawa. Bango ne kawai ake kashe wa kuɗi, a cika shi da launuka masu ɗaukar ido. Da senti 10 zuwa 25 mutum zai sayi abin da zai karanta mako guda. Wanda ya san yadda littattafan soyayya na kasuwar Kano suka yaɗu hannu zuwa hannu, masu ilimi na raina su, jama'a kuwa na wawasonsu, ya san irin matsayin da waɗannan mujallu suka riƙe a Amurka.

Mujalla ta farko da ta keɓe kanta ga labaran kimiyya ita ce Amazing Stories, wadda ta fito a watan Afrilu na 1926. Mai ita, Hugo Gernsback, haifaffen Luxembourg ne da ya zo Amurka a 1904 yana sana'ar kayan rediyo. Fitowar farko ya cika ta da tsofaffin labaran Jules Verne da H. G. Wells da Edgar Allan Poe, saboda sababbin marubuta ba su samu ba tukuna. Babban abin da Gernsback ya yi bai wuce ƙaramar dabara ba: yana buga wasiƙun masu karatu tare da cikakken adireshinsu. Yaron da ke zaune a ƙauye shi kaɗai yana mafarkin zuwa duniyar Mars sai ya gano yana da 'yan'uwa a wasu jihohi, ya rubuta musu, su amsa. Daga nan ƙungiyoyi suka tashi. A 1930 wata ƙungiya ta fitar da 'yar jaridarta ta masu sha'awa mai suna The Comet, a 1939 kuma aka yi babban taron masoya labaran kimiyya na farko a New York, mutum kusan 200 suka halarta.

Frank R. Paul ne ke zana wa Gernsback bango. A fitowar Nuwamba 1929 ta mujallar Science Wonder Stories ya zana wani ƙaton jirgi mai siffar faifai ya tumɓuke dogon benen Woolworth na New York yana tafiya da shi cikin sararin samaniya. A wani ɓangaren kuma akwai Charles Fort, mutumin da ya ƙarar da shekaru a ɗakunan karatu na New York da Landan yana tattara rahotannin abubuwan da masana suka kasa bayyanawa, irin su ruwan kifi da fitilu a sama. Littafinsa The Book of the Damned ya fito a 1919, mujallar Astounding kuma ta buga wani littafin nasa kashi-kashi a 1934. Ta haka masu karatu suka saba da tunanin cewa wataƙila akwai masu leƙo mu daga sama, kuma manya sun sani suna ɓoyewa.

Wanda ya ɗaura auren mujallun da faifan shi ne Raymond Palmer. An haife shi a Milwaukee a 1910. Yana ɗan shekara bakwai mota ta buge shi ta karya masa ƙashin baya, ya tashi da doro, tsayinsa bai wuce ƙafa huɗu da kaɗan ba. Shekarun da ya yi a gadon asibiti karatu ya cika su da shi, kuma yana cikin waɗanda suka shirya The Comet. A 1938 kamfanin Ziff-Davis na Chicago ya sayi Amazing Stories tana gab da mutuwa, ya damƙa wa Palmer. Ya farfaɗo da ita da labaran faɗa da gudu da ceton 'yan mata daga dodanni. Ya san abin da talaka mai karatu ke so, bai kuma taɓa jin kunyar ba shi ba.

A ƙarshen 1943 wata wasiƙa ta iso ofishinsa daga Richard Shaver, wani mai walda da ke zaune a Pennsylvania, yana cewa ya gano harshen da dukkan harsunan duniya suka fito daga cikinsa. Mataimakin edita, Howard Browne, ya jefa ta a kwandon shara. Palmer ya ciro ta ya buga. Sai Shaver ya aiko da dogon rubutu yana bayanin cewa wata tsohuwar al'umma ta bar duniya cikin jirage ta gudu zuwa wasu taurari, ta bar ragowarta a kogunan ƙarƙashin ƙasa. Waɗannan ragowar, waɗanda ya kira dero, sun lalace sun zama mugaye, suna amfani da tsofaffin injuna suna jefa wa mutane muryoyi a kai, suna haddasa haɗura da cututtuka. Shaver ya ce shi da kansa ya fara jin muryoyin ne ta na'urar waldarsa. Palmer ya ɗauki rubutun mai kalma kusan 10,000 ya faɗaɗa shi zuwa kusan 31,000, ya buga shi a watan Maris na 1945 da sunan I Remember Lemuria, ya kuma shaida wa masu karatu cewa tushen labarin gaskiya ne.

Wasiƙu suka yi ta kwarara, mutane na rantsuwa su ma suna jin muryoyin, wasu na cewa sun ga baƙin jirage a sama. Ciniki ya hau. Tsofaffin masoya labaran kimiyya, irin su Forrest Ackerman, suka fusata, suka ce an zubar musu da mutunci, kuma suna da gaskiya a wani fanni: Shaver ya taɓa shafe shekaru a asibitin masu taɓin hankali, kuma sayar da wahalar mara lafiya a matsayin wahayi ba abin yabo ba ne. Duk da haka Palmer bai ja da baya ba. Fitowar Yuni 1947 gaba ɗayanta a kan labarin Shaver aka yi ta.

A wannan watan ne, ranar 24 ga Yuni, Kenneth Arnold, ɗan kasuwa mai shekara 32 daga Boise a jihar Idaho, mai sayar da kayan kashe gobara, yake tuƙa ƙaramin jirginsa kusa da dutsen Rainier a jihar Washington. Ya ratse ne don neman tarkacen wani jirgin soja da ya ɓace, wanda aka sa ladan dala 5,000 ga duk wanda ya gano shi. Wajen ƙarfe uku na rana ya ga abubuwa tara masu ƙyalli a jere suna bin tsaunuka. Ya auna lokacin da suka ɗauka daga Rainier zuwa dutsen Adams, minti ɗaya da daƙiƙa 42, ya ƙiyasta gudunsu aƙalla mil 1,200 a awa. A lokacin babu matuƙin da ya taɓa wuce gudun sauti a miƙe, sai a watan Oktoba Chuck Yeager ya yi hakan. Washegari a garin Pendleton Arnold ya ba 'yan jaridar East Oregonian labari, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya yaɗa shi. Daga baya ya nace cewa da ya ambaci farantin kofin shayi, kalmar da sunan faifai mai tashi ya samo asali daga gare ta, yanayin tafiyarsu yake nufi, kamar faranti da aka wurga yana tsalle a kan ruwa. Jaridu dai siffa suka ɗauka, kuma a kanta aka zauna.

Cikin makonni kaɗan rahotanni suka zo daga kusan kowace jiha. Wani mai bincike, Ted Bloecher, ya tattara fiye da 850 daga jaridun shekarar. A watan Agusta binciken jin ra'ayi na Gallup ya nuna mutum tara cikin goma sun ji labarin, amma mafi yawan masu ba da amsa gizon ido ko makamin sirri suka zata, na Amurka ko na Rasha. Batun halittun wata duniya bai kama zukata ba tukuna. Ko labarin Roswell, wanda a yau ya fi kowane shahara, kwana ɗaya ya yi: ranar 8 ga Yuli sansanin sojan sama da ke garin Roswell ya sanar cewa ya tsinci faifai a wata gona, Janar Roger Ramey ya ce balan-balan ɗin auna yanayi ne, aka manta da maganar har 1978. A 1994 rundunar sojan sama ta bayyana cewa tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, na sauraren gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet.

Palmer ya ga abin da ya daɗe yana jira. Ya aika wa Arnold dala 200 ya je Tacoma ya binciki wasu mutum biyu, Harold Dahl da Fred Crisman, da suka ce faifai ya zubo musu narkakken ƙarfe a tsibirin Maury. Wannan Crisman ɗin ya taɓa rubuta wa Amazing Stories cewa ya yi artabu da mugayen halittu a wani kogo a Burma. Jami'an leƙen asirin soja biyu da suka zo duba lamarin suka mutu a haɗarin jirgi ranar 1 ga Agusta a hanyar komawa, bincike kuma ya nuna labarin tsibirin ƙirƙira ce. A 1948 Palmer da Curtis Fuller suka kafa mujallar Fate, fitowar farko da labarin Arnold a bangonta, a 1952 kuma shi da Arnold suka wallafa littafin The Coming of the Saucers.

Gwamnati ma ta shiga. Bayan matuƙi Thomas Mantell ya mutu a Kentucky ranar 7 ga Janairu 1948 yana bin wani abu da ake kyautata zaton babban balan-balan ɗin bincike ne na sojan ruwa, rundunar sama ta gudanar da bincike uku a jere: Sign, Grudge, sannan Blue Book daga 1952. Wanda ya fi kowa shigar da batun baƙi daga sama cikin gidajen Amurkawa shi ne Donald Keyhoe, tsohon manjo, da maƙalarsa a mujallar True ta Janairu 1950. Shi ma ya yi shekaru yana rubuta wa mujallun araha labaran yaƙin jirage. Sinima ta bi sahu da fim ɗin The Day the Earth Stood Still a 1951.

Sai 'yan damfara da masu da'awa. Littafin Frank Scully na 1950 kan faifan da ya faɗi a New Mexico da gawarwakin ƙananan mutane ya dogara ne ga Silas Newton da Leo GeBauer, waɗanda kotu ta samu da laifin zamba a 1953. George Adamski kuwa ya ce ranar 20 ga Nuwamba 1952 ya gana da wani mai dogon gashi daga duniyar Venus a hamadar California, wanda ya gargaɗe shi kan bam ɗin nukiliya. Dubban mutane sun gaskata shi, alhali a 1949 ya riga ya wallafa ƙagaggen labari mai suna Pioneers of Space, mai ɗauke da tafiye-tafiye irin waɗanda daga baya ya ce sun faru da shi. A 1962 kumbon Mariner 2 ya nuna zafin Venus ya wuce abin da mai rai irinmu zai jure.

A 1983 marubuci John Keel ya kira Palmer mutumin da ya ƙirƙiro faya-fayai masu tashi. Maganar ta ɗan yi yawa. Tun 1896 da 1897 Amurkawa ke ba da rahoton baƙin jirage, matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu sun ga fitilu na bin su, mutanen Sweden sun ga abin da suka ɗauka rokoki ne a 1946. Arnold da da yawa irinsa mutanen kirki ne da suka faɗi abin da idonsu ya nuna musu. Abin da mujallun suka bayar shi ne fassara: su suka tanadi siffar jirgin, da matuƙansa, da zargin cewa hukuma na ɓoye gaskiya, tun kafin a buƙace su.

Mujallun araha sun ƙare a shekarun 1950. Talabijin da ƙananan littattafai masu laushin bango sun ƙwace musu kasuwa, kuma rushewar babban kamfanin rarraba su, American News Company, a 1957 ta ƙarasa da dama daga cikinsu. Shirin Blue Book ya rufe a ƙarshen 1969 da rahotanni 12,618, waɗanda 701 daga ciki ba a gano ko mene ne ba. Palmer ya rasu a 1977, Arnold a 1984.

Yawancin abin da aka sani game da wannan zamani masu sha'awa ne suka adana shi, domin ɗakunan karatu na lokacin ba su ɗauki mujallun da daraja ba. Ackerman ya cika gidansa na Los Angeles da su yana buɗe wa baƙi su gani, Sam Moskowitz ya rubuta tarihin ƙungiyoyin farko a littafinsa The Immortal Storm na 1954. Aikin nasu na da wuya, saboda sinadarin da ke cikin takardar yana cin ta har ta riƙa marmashewa a hannu. Masu tarawa a yau suna sa kowace fitowa a ledarta, nesa da rana da laima, suna kuma ɗaukar hoton shafukan suna ɗorawa a intanet. Takardun Blue Book kuwa suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Amurka tun tsakiyar shekarun 1970, a buɗe ga duk mai son dubawa.