Giyar Sitiyari Da Giyar Ƙasa: Darasin Da Muka Koya Da Kuɗinmu

A wannan biki na cikar shekarar ƙungiyarmu, mun waiwayi tsofaffin littattafan ofis, sai muka ga babu kayan da ya fi jawo sulhu tsakanin 'yan'uwa kamar giyabos ɗin tsohuwar mota, wanda maƙwabtanmu Larabawa ke kira jarboks. Shi ya sa muka ga ya dace mu tuna tarihinsa.

Kakanninmu sun iso gaɓar Shuɗin Nilu a ƙafa da kan jakuna bayan yaƙin Burmi na 1903, tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru. Da aka kammala madatsar Sennar a 1925, noman auduga ya bunƙasa a Jazira, kuɗi ya fara shiga hannu. Sannu a hankali motoci suka karɓi tsohuwar hanyar alhazai, daga Kano zuwa Maiduguri, a ratsa Chadi, a shigo ta Janaina. Ta wannan hanya iyayenmu suka riƙa kawo kayan gyaran mota tare da sauran haja.

Motar da ta fi shiga gidajen Hausawa a wancan zamani ita ce Peugeot, wadda muke kira Fijo. Ƙirar 404 ta fito a 1960 da giya huɗu, sandar giyar tana jikin sitiyari. A 1968 aka fitar da 504, ita ma da farko giyar sitiyari ce, daga baya sandar ta koma ƙasa tsakanin kujeru, aka kuma samu masu giya biyar. Akwai mai otomatik ta giya uku, aikin kamfanin ZF na Jamus, amma mutanenmu ba su yarda da ita ba, domin in batir ya mutu a ƙauye ba a tura ta ta tashi. Da masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a 1975, kayan gyaranta suka wadata a kasuwannin Kano, 'yan'uwa suka ga hanyar riba.

Nan matsalar ta soma. Mota ɗaya, suna ɗaya, giyabos iri-iri. Akwai ɗan'uwanmu da aka aika wa saƙo cewa a sayo giyabos na 504, ya biya kuɗin mota da na kan iyaka, ya iso Sennar bayan makonni, makaniki ya auna ya ce na giyar ƙasa ne, motar kuwa ta sitiyari ce. Mai saƙo ya ƙi karɓa, ɗan kasuwa ya ce abin da aka faɗa masa ya kawo. Dattawan ƙungiya ne suka raba asarar biyu.

Daga irin wannan ne manyanmu suka kafa ƙa'idar dubawa kafin saye. A fara ƙirga abin takawa: uku, da kuloci, giyar hannu ce, biyu, otomatik. A kashe inji, a taka kuloci, a sa kowace giya da hannu a ƙirga, domin lambar da ke kan sandar ba shaida ba ce, ana musanya ta. A leƙa ƙarƙashi: otomatik tana da faffaɗan farantin mai a ƙasanta. A goge jikin giyabos a kwafi lambar da aka buga. In Toyota ce, farantin kamfani yana ɗauke da lambar giya; tsohuwar Corolla mai jan baya, K40 giya huɗu ce, K50 biyar. Sannan a auna tsawo, a ƙirga haƙoran sandar da ke shiga kuloci, domin motar da ta shekara talatin da wuya ba a taɓa sauya mata wani abu ba.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya kai Wad Madani a Disambar shekarar, kayan gyara suka yi wuya, tsofaffin motocin nan kuma su suka kwashe iyalai da yawa. Yau kuskuren giyabos ɗaya na iya kwantar da motar gida wata da watanni. Don haka muna roƙon 'yan'uwa, kada a karɓi saƙo da baki kawai. A turo hoton lambar da na giyabos ɗin ta waya, a rubuta a littafin ofis kafin kuɗi ya fita. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya.